Gurbi a Kotun Ƙolin Jiha: Yadda Amurkawa Ke Naɗa Alƙalan Alƙalansu

Duk wanda ya saba da tsarin shari'ar Nijeriya, inda Kotun Ƙoli ɗaya ce tak, tana Abuja, kuma kowace ƙara in ta yi tsawon rai can take tuƙewa, lalle zai yi mamaki in aka ce masa a Amurka kowace jiha daga cikin jihohin nan 50 da tata kotun ƙolin, wadda in ta fassara dokar jihar ko kundin mulkinta, to, magana ta ƙare, ko Kotun Ƙolin tarayya da ke Washinton ba ta da ta cewa, sai fa in mas'alar ta taɓo dokar tarayya. Teksas da Okalahoma ma biyu-biyu gare su, ɗaya ta mu'amaloli, ɗaya ta laifuffuka. Gado, da aure da saki, da rikicin fili, da bashi, da mafi yawan shari'un kisan kai, duk a kotunan jiha ake yanke su. Alƙalan da ke bisa ƙolin nan kuwa ba su da yawa, daga biyar ne zuwa tara, saboda haka in ɗaya ya rasu, ko ya yi murabus, ko shekarun ritaya suka cim masa, wanda zai gaje shi yana iya karkatar da rinjayen kotun gaba ɗaya har tsawon shekaru goma ko ashirin.

Babu ijma'i tsakanin jihohin a kan yadda za a cike wannan gurbi. A Teksas da Alabama mai son kujerar yana tsayawa takara ne ƙarƙashin tutar jam'iyya, kamar kowane ɗan majalisa. A Wiskonsin da Minesota ana takara, amma ba a rubuta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a. A Niyu Jasi gwamna ke naɗawa, majalisar dattawan jiha ta tabbatar. A Bajiniya da Karolina ta Kudu kuwa 'yan majalisa ne ke zaɓe da kansu. Amma akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba, watau ko a jihohin da ke alfahari da cewa jama'a ke zaɓen alƙali, idan kujera ta zama ba kowa a tsakiyar wa'adi, a mafi yawansu gwamna ne ke ɗora wanda zai riƙe, shi kuwa wannan in ranar zaɓe ta zo, ya riga ya sa rigar alƙalanci, kayar da shi sai da wahala. Ashe gurbin tsakiyar wa'adi, wanda ake ɗauka ƙaramin al'amari ne, shi ne ƙofar da alƙalai da yawa suka shiga ta cikinta.

Da farko, bayan samun 'yancin ƙasar, gwamnoni da majalisu ke naɗa alƙalai. Misisifi ce ta fara mayar da zaɓen dukan alƙalanta hannun jama'a a 1832, Niyok ta bi sahu a 1846, sa'an nan al'adar ta bazu. Niyya mai kyau ce, don an so a 'yantar da alƙali daga hannun masu mulki. Sai dai ba a jima ba ya faɗa hannun iyayen gidan siyasa na manyan birane, waɗanda su ke yanke wanda zai tsaya da wanda ba zai tsaya ba. A jihar Mizuri wani attajirin ɗan siyasa, Tom Pendergast, ya riƙe Birnin Kansas a tafin hannunsa, har a 1938 ya tsayar da nasa mutum don ya tumɓuke Mai Shari'a James Douglas, wanda Gwamna Lloyd Stark ya naɗa ya cike gurbi a Kotun Ƙoli. Pendergast bai yi nasara ba, shekarar da ta biyo ma aka ɗaure shi bisa laifin ƙin biyan haraji, amma mutanen jihar sun ga abin da ya ishe su, suka gyara kundin mulkinsu da ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 1940. Daga nan aka sami abin da ake kira Tsarin Mizuri.

Ga yadda yake tafiya. Da zarar ɗaya daga kujeru 7 na Kotun Ƙolin Mizuri ta zama ba kowa, sai a yi shela, duk lauyan da ya cika sharuɗɗa, watau ya kai shekara 30, ya yi shekara 15 yana ɗan ƙasa, ya yi 9 yana cikin masu jefa ƙuri'a a jihar, ya rubuto takardar nema tare da tarihin aikinsa da sunayen masu yi masa shaida. Majalisar shura ta mutum 7 ke duba takardun: Babban Joji, da lauyoyi 3 waɗanda 'yan'uwansu lauyoyi suka zaɓa, da mutanen gari 3 waɗanda ba lauyoyi ba, gwamna ke naɗa su, waɗannan shidan kowanne wa'adinsa shekara 6, an kuma sassaɓa lokutan ƙarewar wa'adin don kada gwamna ya canja su duka rana ɗaya. Su yi wa masu nema tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, a zamanin nan ma a bainar jama'a, sa'an nan su fitar da sunaye 3, ba ƙari ba ragi, su miƙa wa gwamna. Kwana 60 gare shi ya ɗauki ɗaya. Ba shi da ikon kawo na huɗu daga aljihunsa, in kuwa ya yi jinkiri har wa'adin ya wuce, majalisar shurar ce za ta naɗa da kanta. Bayan sabon alƙali ya yi aƙalla wata 12 a kujera, a babban zaɓe na gaba sai a rubuta sunansa a takardar ƙuri'a, ba abokin hamayya, ba alamar jam'iyya, tambaya ɗaya ce kurum, a bar shi ko a sauke shi. In aka bar shi, ya sami shekara 12, amma in ya cika shekara 70 da haihuwa wajibi ne ya sauka. Mai karatu zai ga kamanni da namu, inda gwamna ba ya naɗa Babban Joji ko Girandi Kadi sai bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa da amincewar majalisar dokokin jiha. Bambancin shi ne namu ba ya komawa gaban talakawa su tabbatar da shi.

Kansas, maƙwabciyar Mizuri, sai da ta ga abin kunya da idonta kafin ta bi wannan hanya. A 1956 Gwamna Fred Hall ya faɗi zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa, jam'iyyar kuma ta faɗi babban zaɓe, ya rage 'yan kwanaki George Docking na ɗaya jam'iyyar ya karɓi mulki. Babban Joji William Smith, aminin Hall, ba shi da lafiya, sai ya yi murabus ran 31 ga Disamba. Ran 3 ga Janairu 1957 Hall ya yi murabus daga gwamna. Mataimakinsa John McCuish ya hau, ya yi mulkin kwana 11, babban abin da aka tuna shi da shi a ciki shi ne naɗa Hall alƙalin Kotun Ƙoli. Ba dokar da aka karya, amma an ci amanar da dokar ke tsarewa, jama'a kuwa suka fusata, a 1958 suka karɓe wa gwamna wannan iko, suka kafa majalisar tantancewa.

Inda aka bar takara kuwa, illar yau ita ce kuɗi. A Bajiniya ta Yamma kotu ta ci wani kamfanin haƙar kwal, Massey, diyyar dala miliyan 50. Shugabansa Don Blankenship ya kashe wajen dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya hau Kotun Ƙolin jihar. Da ɗaukaka ƙarar ta iso, aka roƙi Benjamin ya janye jikinsa, ya ƙi, aka soke diyyar da alƙali 3 a kan 2, yana cikin ukun. Sai a 2009 Kotun Ƙolin tarayya, ita ma da ƙyar, 5 a kan 4, ta hukunta cewa janyewar ta wajaba a kansa. A Wiskonsin takarar kujera guda ta ci fiye da dala miliyan 50 a 2023, wadda ta biyo baya a 2025 ta ci wajen miliyan 100. Malamanmu na fiƙihu sun karhanta wa mutum ya bi alƙalanci yana nema, kuma tarihi ya adana yadda Imamu Abu Hanifa ya gwammace kurkuku da karɓarsa daga hannun Halifa Mansur. To, ina ga wanda zai roƙi dukiyar attajirai ya hau kujera, gobe attajiran nan ko lauyoyinsu su tsaya gabansa? Ko da zuciyarsa ta tsarkaka, wanda aka kayar a gabansa ba zai taɓa yarda an yi masa adalci ba, wannan kuwa hasara ce babba ga kotu.

Ba a ce Tsarin Mizuri ma'asumi ne ba. Ƙuri'ar a bari ko a sauke takan zama al'ada kawai, don a Mizuri kanta ba a taɓa sauke alƙalin Kotun Ƙoli ta hanyarta ba. Wani lokaci kuma, a jihohin da ke da irinta, takan zama takobin fushi, kamar yadda mutanen Kalifoniya suka sauke Babbar Joji Rose Bird da abokan aikinta biyu a 1986, galibi saboda soke hukuncin kisa, mutanen Ayowa kuma suka sauke alƙalai 3 a 2010 saboda hukunci ɗaya da suka yi a kan dokar aure. Masu suka suna da wata hujja mai nauyi, cewa siyasar ba ta mutu ba, ɗaki kawai ta shige, kuma lauyoyi, waɗanda ba talaka ne ya zaɓe su ba, sun sami rabo mai tsoka wajen fitar da wanda za su tsaya gabansa. Duk da haka ni a ganina alƙalin da ya ratsa hannun mutum bakwai, da gwamna, da jama'a, bashin da ke wuyansa ya rarrabu har ba mai iya zuwa shi kaɗai ya ce a biya shi, wannan kuwa ya fi kusa da maslaha. Amma muhawarar ba ta mutu ba, har a Kansas ɗin, inda lauyoyi ke da kujeru 5 cikin 9 na majalisar tantancewa: a watan Maris na 2025 majalisar dokokin jihar ta zartar da a tambayi jama'a a watan Agusta na 2026 ko suna so a rushe tsarin 1958 a koma zaɓen alƙalan Kotun Ƙoli kai tsaye.