Jitar da Ke Rataye a Ƙofar Atiku

Akwai wani shagon gyaran rediyo da talabijin a unguwar Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato, da na saba zama a bakinsa bayan la'asar. Mai shagon dattijo ne, abokin mahaifina, Baba muke ce masa. A bangon ciki, sama da tarin matattun rediyoyi, akwai wata jar jita ta lantarki rataye a ƙusa. Duk wanda ya tambaya, amsa ɗaya yake samu: "Wani mutum yak kawo ta gyara, bai komo ba."

A ƙarshen Agustan 2017 wasu samari suka kawo talabijin gyara. Suna jira, sai suka dunƙule a kan waya ɗaya suna kallon bikin ba da lambobin yabo na bidiyon waƙa da tashar MTV ta yi a Amurka. Kendrick Lamar, mawaƙin gambarar zamani, wato rap, ya kwashe lambobi 6 a daren, har da babbar, ta bidiyon shekara. Baba ya leƙa ta kafaɗarsu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wai ina masu jita sunka tai?" Samarin suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ji yadda muryar ta fito. Na koma gida da tambaya biyu: ina masu jitar suka tafi, kuma me ya haɗa mai gyaran rediyo da makomarsu?

Na fara da tabbatar da cewa an yi ɓatan. An yi. Da aka fara bikin a 1984, ƙungiyar kiɗan rok ce, The Cars, ta ɗauki bidiyon shekara. Dire Straits a 1986, R.E.M. a 1991, Van Halen a 1992, Pearl Jam a 1993, Aerosmith a 1994: jita ce ke biye da jita. Daga 1999 iska ta juya. Lauryn Hill ta ɗauka a shekarar, Eminem ya ɗauka a 2000 da 2002, Missy Elliott a 2003, OutKast a 2004. Rok ya yunƙuro sau biyu, Green Day a 2005 da Panic! at the Disco a 2006, daga nan bai sake taɓa kambun ba. Gaskiya ne cewa galibin waɗanda suka ci bayan haka mawaƙan fof ne irin su Beyoncé da Taylor Swift, amma ko a bidiyonsu sau da yawa ɗan gambara ake gayyatowa ya ƙara armashi, ba mai jita ba.

Wadda na fara zargi ita ce tashar kanta. Ko alƙalanta ne suka yi son kai? Tarihi ya wanke su daga wannan, ya kuma ɗora musu wani laifin daban. MTV ta buɗe a 1981 ne da niyyar zama gidan rok, kuma ta yi ta jan ƙafa wajen nuna bidiyon baƙaƙen fata, har David Bowie ya titsiye wani mai gabatar da shirinta a kan haka a 1983. Sai a 1988 ta buɗe wa gambara shiri nata, sai a 1989 ta ware mata lambar yabo. Daga 2006 kuwa masu kallo aka bai wa damar zaɓen manyan lambobin. Ke nan ba tashar ce ta ɗauko gambara ta ɗora ba. Ƙofa aka yi ta bugawa har ta buɗe.

Wata alamar a wurin masu ƙidaya na same ta, kuma ita ta fi ba ni mamaki. Kafin 1991, mujallar Billboard tana tsara jerin faifan da suka fi kasuwa ne bisa abin da masu shaguna suka faɗa mata da baki. Mai shago kuwa abin da yake so, ko abin da kamfani ya roƙe shi, shi yake faɗa. A watan Mayun 1991 aka koma ƙidaya da na'urar da ke karanta lambar jikin kowane faifai a wurin biyan kuɗi. Ba a yi wata biyu ba faifan ƙungiyar gambara ta N.W.A ya hau matsayi na ɗaya, alhali gidajen rediyo ba sa saka shi. Masu sauraron suna nan tun da, ba a ƙirga su ne kawai. Haka aka sake yi da aka fara lissafa kallon YouTube a 2013 da sauraro ta intanet. Zuwa 2017, shekarar da Baba ya yi tambayarsa, kamfanin Nielsen ya bayyana cewa gambara da danginta sun zarce rok a Amurka, karon farko.

Wannan ya amsa mini rabin tambaya ta farko. Ragowar a shagon na tsince ta, ba tare da na nema ba.

Wata rana wani ɗalibi da ke kaɗa jita a coci ya kawo lasifika gyara. Baba ya tafi masallaci, yaron shago ya bar shi ya sauko da jitar. Ya rungume ta, ya taɓa, ya yamutsa fuska. "Wannan ai ta bahago ce," in ji shi, "an juya tsirkiyoyin, mai kaurin ta koma ƙasa." Ya juya ta ya sake shafawa, ya ƙara da cewa, "Kuma a saite take." Na dubi rediyoyin da ke ƙasanta, ƙurar hunturu ta yi musu bargo. Na dubi wuyan jitar, yana sheƙi. Kayan da aka yasar shekara da shekaru ba ya zama a saite, zafin Sakkwato kaɗai ya isa ya saki tsirkiya. Da Baba ya dawo ya zauna a kan aikinsa, na tsaya ina kallon hannun da ya ɗauki ƙarfen narka dalma da shi. Na hagu ne. Shekara nawa ina zama a nan ban taɓa lura ba.

Na bari sai da shago ya watse. Na ce, "Baba, mutumin da ya kawo jitar nan, bahago ne?"

Ya yi shiru har na yi zaton na yi rashin kunya. Can ya ce, "Ɗana, ka cika bincike."

Tasa ce. Ya koyi kaɗa ta yana saurayi, lokacin da yake koyon gyara a Kaduna, zamanin da faifan Ofege da BLO da Funkees ke zagaya ƙasar nan, don Najeriya ma ta yi nata rok ɗin bayan yaƙin basasa. Su biyar ne: jita biyu, mai ganguna, mai jitar gindi, da mawaƙi. Suna kaɗawa a otal-otal da liyafar ma'aikata. Ba wanda ya kore su, in ji shi. Lissafi ne ya raba su. Mutum biyar na bukatar mota, janareta, amfilifaya, da ciki biyar da za a ciyar. Sai fiyano ya zo, mutum ɗaya ya danna ya fitar da ganga da jita da algaita. Bayansa mai saka faifai ya zo, bayansa kwamfuta. Ya ɓoye labarin ne saboda shi ba ɗan gidan kiɗa ba ne, kuma a garin nan wanda ke neman aure ba ya so surukai su ji an kira shi makaɗi.

A nan zaren biyu suka haɗu. Abin da ya watsa su Baba shi ne ya cika wa gambara fili a ko'ina: yaro ɗaya, makirfo ɗaya, kwamfuta ɗaya a ɗan ɗaki, waƙa ta fito. Da MTV ta kawo bikinta na Afirka Abuja a 2008, da kuma Nairobi a 2009 inda M.I, wanda ya taso a Jos, ya ɗauki lambar gambara, ba wanda ya yi mamaki. Da Arewa24 ta buɗe a 2014, shirin Nomiis Gee ya zama dandalin 'yan gambarar Hausa irin su Classiq da Morell da DJ AB. A ganina kunnen Bahaushe ya riga ya shirya wa wannan tun da daɗewa. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗan Anace ta saba fifita magana a kan kiɗa: kirari, zambo, habaici. Ko da yake har yau mawaƙan soyayya irin su Hamisu Breaker sun fi 'yan gambara jama'a a Arewa, su ma kwamfuta ce makaɗiyarsu.

Saura wuri ɗaya da ban duba ba, kuma yana kusa. In ka bi hanyar Illela ka tsallaka Ƙonni, ka shiga ƙasar da jita ke da rai. A Agadas ita ce kiɗan biki. Bombino ya shiga takarar Grammy a 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Tinariwen, Buzayen Mali, sun ci tasu tun 2012. Bayan wasu shekaru na kai wa Baba bidiyon Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda faifansa na 2021 ya zagaya duniya. Bai ce komai ba sai da ya ƙare. Ya nuna allon da yatsa ya ce, "Wanga ma bahago na."

Kira nake ga masu shirya bukukuwan karrama mawaƙa a Kano da Kaduna da Abuja: ku ware lamba ɗaya ga masu kaɗa tsirkiya da hannu, jita ce ko gurmi ko garaya ko kuntigi, ku kuma nuna ta a talabijin kamar sauran. Akwai masu ita a garuruwanmu, wasunsu a bango suka rataye ta.