Tsofaffin kuɗin da na'urar neman zinariya ke tonowa: yadda ake gane su

Tun da aka gano zinariya a Jado cikin shekarar 2014, na'urar da ke kuka idan ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ta zama sananniya a Nijar. Sai dai na'urar ba ta san zinariya kaɗai ba. A gona ko a kufai, abin da takan nuna shi ne ƙusa, guntun munduwa, kwanson harsashi, ko wani tsohon kuɗi da ƙasa ta ci. A nan ake yawan yin hasara. Wani ya goge abin da toka da lemon tsami har rubutun ya ɓace, wani ya kai wa maƙeri a narke, wani kuma ya sayar da arha. Alhali kuwa tsohon kuɗi yakan faɗi asalinsa, in an san inda za a duba.

Abu na farko shi ne irin ƙarfen. Zinariya ba ta tsatsa, yadda ta shiga ƙasa haka take fitowa. Azurfa baƙi take yi, tagulla da jan ƙarfe su yi kore, sanholo kuma ya yi fari-fari, ga shi ba nauyi. Duk abin da mayen ƙarfe ya kama, ba azurfa ba ne, ba zinariya ba ne. Bayan haka sai awo, domin sikelin masu sayen zinariya ya fi ido gaskiya.

Babban kuɗin azurfa da ya fi shahara shi ne liyari, mai hoton wata mace cikakkiya da mayafi a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗayar. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Kusan kowane liyari yana ɗauke da shekarar 1780, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba ba canji, saboda fatake sun saba da shi. An buga shi a Biyana, daga baya har a Roma, Landan, Paris da Bombay. Ke nan lambar 1780 ba ta nuna ranar da aka ƙera wanda ke hannu ba. Na gaskiya yana da giram 28 da ɗan ɗoriya, da rubutu a kewayen bakinsa. Na zubi yakan yi ƙananan ramuka a jiki, rubutunsa a dushe. In an ga an liƙa masa kunne, to ado aka yi da shi a wuya.

Na biyu shi ne azurfar Faransa ta tamma biyar, mai giram 25, wadda ta bazu da zuwan nasara. Wata tana da kan sarki, kamar Luwi-Filip ko Napoliyon na uku, wata kuma mutum uku a tsaye. Shekarar da ke jikinta ita ce ta bugu, amma ta iya yin shekaru da dama tana yawo kafin ta iso Damagaram ko Tawa.

A garuruwan bakin iyaka, irin su Ƙonni, Ɗan Isa da Magarya, ba abin mamaki ba ne a tono kuɗi mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida. Wannan kwabo ne ko anini na Ingilishi, waɗanda aka fara bugawa a 1907. Suna ɗauke da rubutun "British West Africa", da ƙimarsu cikin Larabci. Kwabo ya fi faɗi, anini ƙarami ne, goma ke yin kwabo guda.

An kafa kuɗin sefa a watan Disamba na 1945. Tamma ɗaya da tamma biyu na sanholo masu shekarar 1948 suna da kan barewa da rubutun "Afrique Occidentale Française". Dala da dala biyu masu ruwan ɗorawa su ne ke yaudarar mai tono, ya zaci zinariya ce, alhali gamin jan ƙarfe da sanholo ne. An buga irin waɗannan da yawa ƙwarai, shi ya sa ba su da tsada.

Akwai kuma kuɗi masu rubutun Larabci zalla, waɗanda suka biyo alhazai ko ayarin Tarabulus, birnin da ke hannun Turkawa har 1911. Shekararsu ta Hijira ce. Don a mayar da ita ta Miladiyya, sai a cire uku cikin ɗari, a ƙara 622: 1293 ta zama 1876, 1327 ta zama 1909. A kuɗin Turkawa wannan lamba shekarar hawan sarki ce, wata ƙaramar lamba kuma ta nuna shekara ta nawa ce a mulkinsa.

Ba kowane kuɗi ke da hoto ba. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe, sirara da kaurara, da ake sayen nama da hatsi da su. Masana da yawa suna ganin Takadda ita ce Azelik, a yankin Ingal. Don haka guntun waya mai kore da aka tsinta a tsohon kufai yana iya fin liyari daraja a wurin masu binciken tarihi.

Abin da aka samu, a wanke shi da ruwa kawai, a shanya, kada a kankare. A ɗauki hoton fuskokinsa biyu da waya, a riƙe sunan wurin da zurfin ramin. In kuwa harsashi ne da bai fashe ba, ko wani ƙarfen soja da ba a gane ba, kada a taɓa, a sanar da jandarmomi.

In na'ura ta kai mai ita ga tukunya, ƙasusuwa ko tarin wuri, tono ya tsaya nan. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa: ba a haƙa su ko a fitar da su waje sai da izini. Sai a shaida wa mai gari ko magajin gari, su kai labari ga ma'aikatar al'adu. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni suna da masanan wannan aiki. An ga abin da ya faru da kayan Bura, a jahar Tillaberi, waɗanda aka gano a 1975: masu tono sun wawashe makabartun, mutum-mutumin yumɓu suka watsu a kasuwannin Turai, ba tare da an san ramin da kowanne ya fito ba. Liyarin da aka narke yana ba da zobe biyu ko uku. Wanda aka bari yadda yake, aka san inda ya kwanta, yana iya nuna hanyar da ayari ya bi da kasuwar da ta taɓa ci a wurin.