Ko za a samu maganin raɗaɗi da ba ya danne numfashi?

A asibitocin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a arewacin jihar Zamfara, inda akan kai waɗanda suka jikkata a hare-haren 'yan bindiga, ana buƙatar magunguna masu ƙarfi na kashe raɗaɗi.

Sai dai irin waɗannan magunguna, kamar mofin, suna iya danne numfashi har ya tsaya.

Mofin yana sauka ne a kan wata kafa ta karɓar saƙo da ke jikin ƙwayoyin jijiya, ita kuma ta tura saƙon ciki ta hanyoyi biyu: ta furotin G, da ta furotin beta-arrestin.

A 1999, masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun gano cewa mofin ya fi kashe raɗaɗi a jikin ɓerayen da aka cire wa beta-arrestin 2. A 2005 kuma aka ba da rahoton cewa numfashin irin waɗannan ɓeraye bai cika raguwa ba.

Daga nan masana suka shiga neman maganin da zai karkata ga hanya ta farko, ya kauce wa ta biyu.

A 2020, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar oliceridine, wadda aka haɗa bisa wannan tunani.

To amma a shekarar ce masu bincike a Jamus da Ingila da Ostireliya suka maimaita gwajin ɓerayen, suka tarar mofin yana danne numfashinsu duk da haka.

Ita ma allurar ta fito da gargaɗin danne numfashi da kamuwa da jarabarta, don haka wajibi ne a sa ido kan duk majinyacin da aka yi wa.