Ɗan Jagora a Kan Keke Mai Sirdi Biyu

A kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram ba baƙon abu ba ne a ga yaro riƙe da sanda, makaho na biye da shi. Sau da yawa amosanin ido ko yanar ido ne sanadin makantar, kuma jagorancin kan raba yaron da makaranta. To, amma akwai fagen da jagora ya zama sana'a mai daraja, watau tseren keken makafi.

Keken doguwa ce mai sirdi biyu. Mai gani yana gaba, kan keke da birki da sauya giya duk a hannunsa. Makaho yana baya. Sarƙa ɗaya ta haɗa fedojinsu, saboda haka dole ƙafafu huɗun su riƙa juyawa tare.

Yaya wanda ba ya gani yake zama daram a kan keke mai gudu? Jiki yana daidaita kansa da abubuwa 3: ido, da kunnen ciki, da jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi. A kunnen ciki akwai wasu bututu 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa. Da zarar kai ya juya sai ruwan ya motsa wasu 'yan gasu ƙanana, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Makaho yana da biyu cikin ukun, ido kawai yake ara. Sai dai kunne ba ya ba da labarin kwana sai an shige ta. Don haka wajibi ne jagora ya faɗa tun kafin a iso, domin su karkata tare. In ya makara, su biyun ne a ƙasa.

Ido kaɗai bai isa ba, sai da ƙarfin cinya da na huhu. Shi ya sa jagorori da dama tsofaffin gwanayen tsere ne. Alal misali, Craig MacLean na Birtaniya ya sami lambar azurfa a wasannin Olamfik na Sidni a 2000, sannan a wasannin naƙasassu na Landan a 2012 ya jagoranci Anthony Kappes suka ci zinariya. A wannan wasa, jagora ma ana rataya masa tasa lambar.

Malaman motsa jiki su lura: ana haɗa mutum biyu ne waɗanda ƙarfinsu da saurin juyin ƙafarsu suka yi kusa, sa'annan a fara atisaye a fili marar ababen hawa.