Zanzibar: Yadda ake shigar da wanda bai iya iyo ba cikin teku

Kowace safiya ƙananan jiragen ruwa na tashi daga gaɓar Matemwe, a arewa maso gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar, ɗauke da ƴan yawon buɗe ido zuwa kewayen tsibirin Mnemba domin kallon kifaye da murjani. Cikinsu akan samu waɗanda ba su taɓa yin iyo ba, gabansu na faɗuwa tun kafin jirgi ya tsaya.

Kayan aikin uku ne: tabarau mai rufe ido da hanci, bututun numfashi da ake riƙewa da haƙora, da rigar da ke hana nutsewa. Ƙwararren ɗan jagora ba ya farawa da wuri mai zurfi. Yakan tsayar da mai jin tsoron inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya sa shi tsoma fuska yana numfashi ta baki sannu a hankali. Sai hankalinsa ya kwanta za a ba shi zoben roba ya riƙe, ɗan jagoran na jansa da igiya.

Babban haɗarin shi ne firgita. Idan ruwa ya shiga bututun, mai tsoro kan fizge tabarau, ya shaƙi ruwan gishiri. Shi ya sa ake koya masa tun farko ya ɗaga kai, ya cire bututun, ya tofar, domin rigar na riƙe da shi.

Abokan tafiya kuwa kada su matsa masa ko su yi masa dariya. Wanda ya ce ya gaji, a mayar da shi jirgi nan take.