Ƙananan Kifayen Fadamun Gobir Na Bukatar Kariya

Idan ana maganar kifi a ƙasar Gobir, tarwaɗa da karfasa ake tunawa, amma ƙananan kifayen da ke kududdufai da maɓuɓɓugan fadama tsakanin Gatawa, Isa da Sabon Birni su ne suka fi shiga haɗari. A 1928 masani Ernst Ahl ya bayyana wani ɗan kifi daga kogin Kiyawa, wanda ƙwansa ke kwanciya cikin busasshiyar laka duk rani, sai damina ya ƙyanƙyashe. A fadamun Gobir, irin wannan rayuwa ta dogara ne kan ambaliyar da gulaben Rima da Bunsuru ke kawowa. Amma injin ban-ruwa na tsotse tafki kafin lokacinsa, maganin feshi na gangarowa daga gonaki, gidan sauro kuwa da aka mayar koma ba ya barin ko ɗan tsako.

Wani zai ce yankin da 'yan bindiga suka addaba yana da abin da ya fi wannan damunsa. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan kifaye su ke cinye tsutsar sauro, su ne kuma abincin manyan da masunci ke kaiwa kasuwa. Kariyarsu ba ta bukatar kuɗi mai yawa: Sarkin Ruwa na da ikon rufe tafki har ranar kamun kifi, kuma zai iya hana koma mai ƙananan ido.