Zaɓen Madubin Bindiga Don Harbin Bara

Jama'a, duk wanda ya ga maharbi ya ɗora madubin hangen nesa bisa bindigarsa, ya kwanta, ya huda tsakiyar takarda daga nisan yadi 300, ya kan ce a ransa ai aikin madubi ne. Daga nan sai ya zaci madubin da ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Wannan zato ya sa mutane da yawa sun zubar da kuɗinsu, harbinsu kuma ya koma baya. Saboda haka mu ke so mu bayyana wa 'yan'uwanmu ɗalibai, da izinin malamanmu, abin da madubin nan ke yi, da abin da ba ya iyawa, da yadda masu wasan harbin bara su ke zaɓensa. Ko wanda ba shi da niyyar taɓa bindiga zai sami lissafi da ilmin haske a ciki, waɗanda za su yi masa amfani a aji.

Mu fara da asali. A shekarar 1608 wani mai gyaran tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nuna wa hukumar ƙasarsu madubin hangen nesa. Wajen 1640 kuma wani Bature na Ingila mai duban taurari, William Gascoigne, ya tarar gizo-gizo ya saƙa zare a cikin madubinsa. Da ya duba sai ya ga zaren ya fito sarai, abin da ya ke hange shi ma ya fito sarai, duka a lokaci guda. Daga nan aka sami dabarar gitta zare biyu a cikin madubi, magamarsu ta zama wurin saiti. Bayan shekaru kamar 200 maƙera bindiga na Amurka suka shiga ɗora irin wannan madubi bisa bindigogi.

To, a nan amfanin madubi na farko ya ke. Mai harbi da saitin ƙarfe yana fama da abu uku: ƙarfen baya kusa da idonsa, ƙarfen gaba a bakin bindiga, da abin bara can nesa. Ido kuwa ba ya iya tsayawa bisa abu uku masu nisa dabam dabam a lokaci ɗaya. In ya kama ɗaya, biyun su kan yi dishi-dishi. Madubi ya kan tara zare da hoton abin bara wuri guda, ido ya huta. Ƙara girma amfani ne na biyu.

A jikin kowane madubi akwai lambobi. In kun ga an rubuta 4x32, watau yana ƙara girma riɓi 4, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 32 ne. In kun ga 3-9x40, watau a kan juya shi daga riɓi 3 har riɓi 9. Ma'anar riɓi 4 ita ce, abin da ke nisan yadi 100 zai bayyana kamar yana yadi 25. A riɓi 10 zai zama kamar yana yadi 10.

Me ya sa a ke bukatar wannan? Masu lissafi sun raba da'ira daraja 360, kowace daraja kuma minti 60, amma ba mintin agogo ba. Minti ɗaya na kusurwa ya kan rufe inci 1 da ɗan ɗoriya a yadi 100, inci 3 a yadi 300, inci 10 da wajen rabi a yadi 1,000. Lafiyayyen ido ba ya rarrabe abin da ya gaza minti ɗaya sosai. Hudar ƙaramin harsashin nan na .22 a yadi 100 wajen kashi ɗaya cikin biyar na minti ce. Kun ga ke nan sai an riɓa ta sau 5 kafin ma ido ya fara zargin akwai wani abu a wurin, in kuwa ana son ganinta sosai sai an riɓa fiye da haka nesa.

Amma fa kowane riɓi da aka ƙara akwai abin da a ke biya, kuma biyan iri huɗu ne.

Na farko, fili ya kan tsuke. Madubi mai riɓi 4 ya kan nuna faɗin ƙafa 25 ko 30 a yadi 100, mai riɓi 24 kuwa ƙafa 4 ko 5 kurum. Inda aka jera allunan bara kusa da juna, mai ƙuntataccen fili ya kan harbi allon maƙwabcinsa bai sani ba, harsashin ya tafi a banza. Abin da ya fi wannan muni, in yaro ko dabba ta ratso daga gefe, ba zai gani ba sai ta shigo gabansa.

Na biyu, haske ya kan ragu. Tun kafin rasuwarsa wajen shekarar 1040, Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna Alƙahira, ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne domin haske ya shiga ido. To, hasken da gilashin gaba ya tara ya kan fito ta baya kamar ɗan ɗigo. Ana sanin faɗin ɗigon in an raba faɗin gilashi da yawan riɓi. Gilashi mai milimita 40 a riɓi 4 ya ba da 10, a riɓi 10 ya ba da 4, a riɓi 20 ya ba da 2, a riɓi 40 ya ba da 1. Ƙofar ƙwayar idon mutum da rana milimita 2 ko 3 ce, cikin duhu ta kan buɗe har wajen 7 ga saurayi. In ɗigon ya gaza ƙofar ido, hoto ya kan dushe, kuma da ka ɗan gusar da kai sai ka ga baƙi ƙirin. Shi ya sa madubai masu riɓi da yawa su ke da manyan gilasai, milimita 50 ko 56, su yi nauyi, su yi tsada.

Na uku, rawar hannu ta kan fito fili. Ba wanda ke riƙe bindiga cik, gama numfashi da bugun zuciya suna motsa ta. Madubi bai ƙara wannan rawa ba, nuna ta ya ke yi. Amma sabon maharbi in ya ga zare yana tsalle ko'ina bisa allo, sai hankalinsa ya tashi, ya jira zaren ya gifta tsakiya ya fizgi kunama. Fizgar nan ita ke jefa harsashi gefe. Da riɓin kaɗan ne, da ya matsa kunama a hankali ya sami abin da ya fi.

Na huɗu, kawalwalniya. Mu mutanen ƙasar zafi mun san yadda iska ke rawa bisa fako da tsakar rana cikin bazara. Madubi ya kan riɓa wannan rawa tare da abin bara, har tsakiyar allo ta zama kamar tana iyo cikin ruwa. Gwanaye su kan duba inda kawalwalniya ta karkata su san inda iska ta nufa, amma in ta yi yawa su kan rage riɓi. Hazon hunturu ma ba ya jin ƙarfin madubi, domin gilashi ba ya share ƙura daga sama.

Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce, wane irin harbi za ka yi, kuma me dokar wasan ta ce? A wasannin Olimfik, harbin mita 10 da na mita 50 ba a yarda da madubi ba sam, sai saitin ƙarfe mai 'yar kafa, alhali kuwa da'irar maki 10 a mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne. A Bisli ta Ingila, inda ƙungiyar maharban ƙasar ta koma a 1890 bayan ta fara gasarta a Wimbildon a 1860, babbar gasarsu da saitin ƙarfe a ke yinta har yadi 1,000. Amma akwai rukunin da a ke kira F, wanda aka sa wa harafin sunan George Farquharson, mutumin Kanada. A cikinsa an yarda da madubi da matokari, kuma da'irar can tsakiya inci 5 ce a yadi 1,000, watau rabin minti. A Amurka, tun 2016 an yarda da madubi a gasar bindigar soja, amma kada ya wuce riɓi 4.5. Wanda ya sayi madubi bai karanta doka ba, ya yiwu a mai da shi daga bakin fili.

In doka ta ba da dama, ga abin da galibi a ke bi. Sabon shiga mai harbi a tsaye ko a durƙushe, riɓi 4 zuwa 6 ya ishe shi. Mai ƙaramar bindiga ta .22 da ke kwanciya ko dogara ta bisa buhun yashi a yadi 50 ko 100, zai ji daɗin 9 zuwa 16. Daga yadi 300 zuwa 600, a kan so 12 zuwa 20. Masu yadi 1,000 su kan kai 25 har 40 ko fiye, su sauko in rana ta yi zafi. Masu harbi bisa tebur, waɗanda ke neman zuba harsashi biyar cikin huda ɗaya a yadi 100 da 200, sun daɗe da sabawa da riɓi 36 wanda ba ya juyawa. Su kam bindigarsu ba ta hannunsu, buhuna ke ɗauke da ita. Kada kuma a raina ƙaramin riɓi: a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, madubin da gwanayen harbi na Ingila da na Rasha suka fi riƙewa wajen riɓi 3.5 ne kurum.

Bayan riɓi, akwai abubuwa huɗu da za a duba. Ɗaya shi ne gocewar zare. Ku miƙa yatsa ku saita wani abu a bango, ku rufe idon dama, sa'an nan ku buɗe shi ku rufe na hagu, za ku ga yatsan ya yi tsalle. Haka zare ke gocewa daga abin bara in hoton bai faɗi daidai inda zaren ya ke ba. Yawancin madubai masu sauƙi an daidaita su ga yadi 100, na ƙananan bindigogi ga yadi 50. Wanda ya wuce riɓi 10 ya kamata ya kasance da makunnin gyara wannan. Gwajinsa ba wuya: a kafa bindiga bisa buhu, a kaɗa kai kaɗan ba a taɓa ta ba. In zare ya motsa bisa allo, da sauran gyara.

Na biyu, kaurin zare. Zaren da ya rufe minti ɗaya zai ɓoye inci 10 a yadi 1,000, watau ya haɗiye da'irar tsakiya duka. Mai harbin bara siriri ya ke so, ko mai ɗan ɗigo a magama.

Na uku, makunnan saiti, na sama da na gefe. Kowane ƙas ɗaya galibi rubu'in minti ne, a waɗansu sumuni, a waɗansu kuma santimita 1 a mita 100. In harsashi ya faɗi inci 2 ƙasa a yadi 100, ƙas 8 za a ɗaga. In a yadi 50 ne, 16. Ga gwajin amana: a harba, a juya ƙas 16 sama a harba, 16 dama, 16 ƙasa, 16 hagu. In harsashin ƙarshe bai komo wurin na farko ba, madubin maƙaryaci ne, ko da riɓinsa 50. Mai nisa kuma ya tabbata makunnin sama yana da isasshen zango, gama harsashin .308 ya kan bukaci fiye da minti 30 daga yadi 100 zuwa 1,000.

Na huɗu, tazarar ido. Babbar bindiga tana shuri, saboda haka a bar inci 3 ko 4 tsakanin ido da madubi. Wanda ya kusanta ya kan tashi da tsagaggen gira, jini na zuba. Bindigar iska mai sifirin kuwa tana shuri gaba da baya, ta kan karya madubin da ba don ita aka yi shi ba.

Batun kuɗi, araha ba ta ado. Tun 1935, sa'ad da Alexander Smakula na ma'aikatar Zeiss a Jamus ya gano shafa wa gilashi wani siririn rufi mai rage hasken da ke komawa baya, kyawun gilashi ya zama babban abin da ke raba madubai. Mai riɓi 10 da gilashi garau ya fi mai riɓi 30 da ke nuna hazo. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A kuma rage wani abu cikin kuɗin don zobban ɗaure shi, domin madubi mai girgiɗi ba ya saiti.

Daga ƙarshe, gargaɗi biyu. Kada a taɓa leƙen mutum ko gida da madubin bindiga, gama duk inda zare ya duba, can bakin bindiga ya duba. In ana son hange, a nemi madubi dabam. Sa'an nan a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba da lasin ba, kuma wasan nan wurinsa fili ne da hukuma ta yarda da shi, mai tudu a baya.

Shawararmu dai, wanda zai saya ya fara auna nisan filinsa, ya karanta dokar wasan, sa'an nan ya ɗauki riɓi mafi ƙanƙanta da zai nuna masa tsakiyar allo sarai. Sauran kuɗin ya sayi harsashi ya yi ta gwaji. Allah ya tsare mu da ganganci, amin.